Kimiyya A Sauƙaƙe: Ɗigon Da Aka Goge

 Zancenmu na yau daga Gombe zai taso, daga unguwar Barunde, ko da yake kafin mu kai ƙarshensa sai mun taka Amurka da Faransa da Italiya, sa'an nan mu dawo gida.

Kwanan baya na sauka a gidan wani ƙanena a Barunde. Da daddare, ruwan sama ya ɗauke, wuta ma an ɗauke, muna zaune a zaure muna taɗi, sai na ga wani koren ɗigo yana yawo a jikin bango kamar ƙwaro. Ashe ɗansa ne, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare, ya sayo ɗan tocilan nan mai kama da alƙalami da ake kira leza, yana gwadawa. Uban ya daka masa tsawa, ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, ka ga abin da nake fama da shi ke nan. Na ce ya nemi karatun da zai ci abinci da shi, shi kuwa ya kafe wai sai fiziks. Wa ya taɓa ɗora tukunya da haske?" Yaron bai ce uffan ba sai da uban ya shiga cikin gida. Sa'an nan ya matso ya ce, "Baffa, malaminmu ya ce hasken da ke cikin wannan abu tun asali ba kore ba ne, ba ya ma ganuwa. To, yaya abin da ba a gani zai rikiɗe ya zama kore?"

Na yi masa alkawarin amsa, yau kuwa zan cika a bainar jama'a, domin na tabbata ba shi kaɗai ne yaron da ke da irin wannan tambaya ba, ƙanena kuma ba shi kaɗai ne uban da ke da irin wannan fargaba ba.

Bari mu fara da abin da kowane mutumin Gombe ya sani, watau ruwa da kwari. In aka yi yayyafi, ruwa yakan bi hanyarsa ya wuce, ya bar ta yadda ya same ta. In yayyafin ya ninka, ruwan da ke gudu ya ninka, shi ke nan; lissafin bai wuce na mai awon hatsi ba, mudu biyu ka zuba, mudu biyu za ka kwashe. Amma ranar da aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin na watan Agustan 2004 wanda har yau ba a manta da ɓarnarsa a garin ba, sai lissafin ya rushe. Ruwan ya ci gaɓa, ya faɗaɗa nan, ya cike can da yashi, ya haƙa sabuwar hanya, hanyar da ya sauya kuma ita ce za ta juya ruwan da ke biye da shi. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya kama bakin zaren, gama haka haske yake yi da abin da ya ratsa in ƙarfinsa ya kai wani matsayi.

Shi haske tafiyarsa hawa da sauka ce, kamar igiyar ruwa in an jefa dutse a tafki. Tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gabansa, bari mu kira ta takun haske. Bambancin taku shi ne bambancin launi. Ana auna takun da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai guda yakan kai maikiron 70 ko kusa da haka. Idon ɗan Adam ba ya ganin komai sai abin da takunsa ya faɗa tsakanin maikiron 0.4, inda shunayya take, da 0.7, inda ja ya ƙare. A shekarar 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito launi-launi kamar bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Nan ya gane akwai wani haske da fata ke ji, ido bai san da shi ba. Mu kira shi ɓoyayyen ja. Shi ne yake fita daga rimot ɗin talabijin, shi ne kuma ɗumin da kake ji in ka kusanci garwashin mai tsire. Fagensa faɗi gare shi, tsakiyar fagen kuwa, daga wajen maikiron 3 zuwa gaba, ita ce ta shafe mu yau.

Duk hasken da kakanninmu suka sani, na rana da na aci-bal-bal da na fitilar ƙwai, yayyafi ne. Yakan ratsa iska ko gilashi ya fita da launin da ya shiga da shi. Sai ranar 16 ga Mayu 1960, sa'ad da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya ta Amurka. Hasken leza taku ɗaya gare shi, fuska ɗaya ya dosa, kamar sojoji a fareti, saboda haka ana iya tattara ƙarfinsa duka a wurin da bai kai kan allura ba. A 1961 Peter Franken da abokan aikinsa uku a Jami'ar Mishigan suka tattara jan hasken leza, mai taku 0.694, a cikin wani farin dutse mai garau kamar gilashi. Ja aka zuba, amma sai ga wani ɗan haske ya fito tare da shi mai rabin wannan taku, watau 0.347. Ruwa ya fara cin gaɓa ke nan. Shaidarsu ita ce wani ɗan mitsitsin ɗigo a kan hoton da suka ɗauka. Suka aika da rahoton ga mujallar masana, amma wajen shirya ɗab'i aka zaci ɗigon datti ne, aka goge shi. Haka aka buga takardar, kibiya tana nuna wurin da babu komai. Ina roƙon abokan aikina na maɗaba'a kada su ce da su nake.

Wannan ɗigo da aka goge, jikansa ne yake yawo a bangon zauren Barunde. Galibin irin waɗannan korayen tocila, a cikinsu ana haifar da ɓoyayyen ja mai taku 1.064, ya ratsa wani ɗan ƙanƙanin dutse, ya fito da rabin takunsa, 0.532, wanda shi ne kore. Amsarka ke nan, ɗana. Sai dai ina jan kunnenka da na 'yan'uwanka: kada a kuskura a haska idon mutum da shi. Masu arahar cikinsu sukan bar ɓoyayyen jan ya zubo tare da koren, ido bai gan shi ba balle ya ƙyafta, ga shi kuwa yana iya yi wa gani lahanin da ba ya gyaruwa.

To, masana ba su tsaya nan ba. Suka ce in ruwa mai ɗan ƙarfi ya yi haka, ambaliya fa? Dabarar da suka gano ita ce matse lokaci. Maimakon leza ta riƙa zuba kamar famfo, sai a tara ƙarfinta a sake shi cikin walƙiya guda, gajera ƙwarai. Ana auna irin wannan walƙiya da femtosakan, watau a raba sakan ɗaya gida miliyan, kowane gida kuma a sake raba shi biliyan. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, amma cikin femtosakan 100 ba ya iya ƙetare kaurin gashi guda. Ga lissafin da zai ba ku mamaki. Ƙarfin da za ka ɗaga ƙwayar gyaɗa ɗaya da shi tsawon taƙi guda, in ka sake shi duka cikin femtosakan 100, to a wannan ɗan lokaci ya kai megawat 10,000. Tashar wutar Dadin Kowa megawat 40 aka gina ta ta bayar. Watau sai an jera irinta 250 kafin su kamo wannan walƙiya, ko da yake ita kafin ka ce kwabo ta wuce. Wadda ta buɗe ƙofar ƙarfafa irin wannan walƙiya ba tare da ta fasa na'urar da ke haifar da ita ba, ɗaliba ce, Donna Strickland, tare da malaminta Gérard Mourou, a Jami'ar Rochester a 1985. An ba su kyautar Nobel a 2018.

Amma ina za a zuba ambaliya irin wannan? In aka tura ta cikin gilashi sai ta ƙona shi, ga shi kuma gilashin da muka saba da shi shanye tsakiyar ɓoyayyen ja yake yi, ba ya barinsa ya wuce. Sai aka koma ga siririn bututun gilashi mai rami a tsaka, ramin bai fi kaurin gashi biyu ko uku ba, aka cika shi da iska irin su argon, wadda masu walda suka sani, ko hiliyam, wadda ake hura balan-balan mai tashi sama da ita. Amfanin wannan a fili yake. Iska ba ta tsagewa, in walƙiya ta yi mata rauni takan warke kafin ta gaba ta iso. Ana iya ƙara matsinta ko a rage, kamar yadda mai faci yake yi wa taya. Shi kuma bututun aikinsa na magudanar siminti ne, yana hana hasken bazuwa, ya tilasta masa zama da iskar tsawon tafiya.

A cikin wannan bututu abubuwa uku suke faruwa, gwargwadon ƙarfin walƙiyar. Na farko, inda haske ya fi ƙarfi, can iska take fi rage masa sauri. Tsakiyar hasken ta fi gefensa ƙarfi, saboda haka iskar kanta sai ta zama kamar gilashin tabarau, ta ƙara tattara shi, shi kuma da ya tattaru ya ƙara ƙarfi, ya ƙara sauya iskar. Na biyu, da yake ƙarfin walƙiyar hawa yake yi sa'an nan ya sauka, goshinta sai takunsa ya miƙe ya karkata wajen ja, ƙeyarta kuma takunta ya tsuke ya karkata wajen shuɗi. Launi ɗaya ya shiga, launuka da yawa suka fito, yawan launukan nan kuwa shi ne yake ba da damar a ƙara gajarta walƙiyar. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, Mauro Nisoli da abokan aikinsa a birnin Milan na Italiya suka yi amfani da irin wannan bututu suka matse walƙiya mai femtosakan 140 ta koma 10.

Na ukun shi ya fi ban mamaki. Kowace ƙwayar zarra ta iska tana riƙe da 'ya'yanta da ake kira ilektron. In walƙiya ta ƙasaita sai ta fizge ɗa daga hannun uwa ta yi jifa da shi. Amma mun ce haske hawa da sauka ne, saboda haka kafin ɗan ya yi nisa sai igiyar ta juya, ta koro shi da gudu ya dawo ya yi karo da uwar. Duk ƙarfin da ya kwaso a hanya sai ya amayar da shi a matsayin sabon haske mai gajeren taku ƙwarai. Wata Bafaranshiya, Anne L'Huillier, ta ga alamar haka a 1987 a Saclay kusa da Faris, da ta haska argon da ɓoyayyen ja ta ga takun ya rarrabu gida uku, gida biyar, gida bakwai, har zuwa 33. A 1993 Paul Corkum na Kanada ya bayyana dalili da wannan misali na fizga da kora da karo. An ba L'Huillier kyautar Nobel a 2023, shekara 36 bayan abin da ta gani. Labarin ya same ta tana tsakiyar koyar da ɗalibai a Jami'ar Lund ta Suwidin, ta koma aji ta ƙarasa darasinta.

Yanzu ga dalilin da ya sa ake neman tsakiyar ɓoyayyen ja musamman. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Haske mai dogon taku yakan daɗe bai juya ba, saboda haka yakan bar ilektron ya ja da baya sosai kafin ya koro shi. In ka ninka taku sau biyu, ƙarfin da zai dawo da shi ya ninka sau huɗu. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: ragon da ya yi nisa da yawa sau da dama yakan kuskure abokin karonsa, saboda haka hasken da kowace ƙwaya take bayarwa yana raguwa ƙwarai. Maganin wannan shi ne a cusa ƙwayoyi masu ɗimbin yawa cikin bututu, a kuma sa su duka su buga a kan ƙa'ida ɗaya, kamar mata masu lugude. In hannu ya saɓa, taɓarya ta ci karo da 'yar'uwarta, aiki ya lalace. Iska tana ɗan rage wa igiyar leza sauri, bututu da ilektron ɗin da suka kuɓuce suna ɗan ƙara mata. Mai bincike yakan yi ta murɗa matsin iskar har sai biyun sun soke juna, leza da sabon hasken suka jera kafaɗa da kafaɗa, abin da ƙwayar farkon bututu ta bayar ya haɗu da na ƙwayar ƙarshensa.

A 2012 Tenio Popmintchev, da malamansa Margaret Murnane da Henry Kapteyn na Jami'ar Kolorado, tare da abokan aikinsu na Biyana ta Ostiriya, suka buga sakamakon irin wannan gwaji. Sun tura walƙiya mai taku 3.9 cikin ɗan bututu mai hiliyam da aka matsa fiye da iskar da muke shaƙa sau gommai. Abin da ya fito eksire ne, dangin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ko da yake mai laushi ne, bai kai na asibiti ratsa jiki ba. Takun ya gajarta fiye da sau 5,000. Franken rabi ya samu, aka goge masa. Cikin shekara 51 rabin nan ya zama kashi ɗaya cikin dubu biyar.

Na san ƙanena zai ce, "To, Yaya, mun ji. Ina ruwan biri da gada?" Ruwanmu biyu ne. Na ɗaya, eksire mai kyau irin wanda masu bincike suke bukata don leƙa cikin magani ko ƙarfe ko ƙwayar cuta, an saba samunsa ne daga wasu manyan na'urori masu kama da zobe. Na birnin Grenoble a Faransa kewayensa mita 844. Har yau babu irinsa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, masananmu sai sun yi takakka zuwa ƙasashen waje sun jira layi. Na'urar bututu ba ta kai zoben yawan haske ba, amma a kan tebur take zama, cikin ɗaki guda, walƙiyarta kuma gajera ce har tana iya kama motsin ilektron. Akwai ma wani yanki na wannan eksire mai laushi da ruwa yake bari ya wuce, amma kabon, wanda aka gina jikin duk mai rai da shi, yake tare shi. Da shi ana iya ɗaukar hoton cikin ƙwayar halitta tana jiƙe yadda take.

Na biyu ya fi kusa da ƙofar gidanmu. Kowace iska tana da takun da take shanyewa a tsakiyar ɓoyayyen ja, wanda ake gane ta da shi kamar tsagar gado a fuska. Metan, wadda ita ce mafi yawa cikin gas ɗin rijiyar mai, tana shan maikiron 3.3. Iskar kabon da muke fitarwa in mun yi numfashi tana shan 4.3. Gubar hayaƙin janareta, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci a ƙasar nan, tana shan wajen 4.6. Ƙananan na'urorin sansano iska haske mai rauni ya ishe su, amma walƙiyar da aka faɗaɗa launukanta tana iya tambayar iskoki da yawa a lokaci guda, ilmin kuwa duk gida ɗaya ne. A watan Oktoban 2019 kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar samun mai da gas a Kolmani, kan iyakar Gombe da Bauci, ranar 22 ga Nuwamba 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. Duk ranar da rijiyoyi suka kankama, manomin Akko da na Alkaleri za su so su san abin da suke shaƙa. Wa zai auna musu? In ba mu da namu masu wannan ilmi, sai mu karɓi duk takardar da aka miƙo mana, mu sa hannu ba mu san abin da ke ciki ba.

Ba zan yaudare ku ba. Ɗakin gwaji irin na Kolorado yana son wutar da ba ta ƙyaftawa, da sanyin da ba ya hawa ba ya sauka, da iskar da babu ƙura ko ɗaya, mu kuwa mun san halin hunturunmu da halin wutarmu. Yana kuma son kuɗi masu nauyi. Haka nan fargabar ƙanena tana da tushe, gama mun ga masu digirin kimiyya da yawa suna yawo da takardu a hannu. Amma babban kaso na wannan fanni lissafi ne. Kafin a hura iska a bututu sai an zauna da alƙalami da kwamfuta an ƙididdige yadda walƙiya za ta kasance, wannan kuwa ana iya yinsa a Tudun Wada kamar yadda ake yi a Milan. Ahmed Zewail, wanda ya ci kyautar Nobel a 1999 saboda kallon haɗuwa da rabuwar ƙwayoyin zarra da walƙiyar femtosakan, a Jami'ar Iskandariyya ta Masar ya yi digirinsa na farko. A nan gida ma, tun 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya take riƙe da tukunyar nukiliya ta bincike, 'ya'yanmu ne kuma suke kula da ita.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, su ba ilmin haske muhimmanci a sassansu na fiziks, su kuma ƙulla zumunci da Cibiyar Leza ta Afirka da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003. Gwamnatin Jiha ta ware gurabe cikin tallafin karatunta domin wannan fanni, bisa sharaɗin wanda aka tura ya dawo ya koyar. Attajiranmu kuma, ƙaramar leza da madubai da gilashi mai kusurwa uku na makarantar sakandare guda ba su kai kuɗin ragon Salla mai kyau ba. Da irinsu ne yaro zai maimaita gwajin Herschel da hannunsa, maimakon ya haddace shi daga allo.

Washegari da safe, kafin in kama hanya, na ba ƙanena labarin ɗigon da aka goge. Na ce masa wanda ya goge shi ba mugu ba ne, ma'aikaci ne mai son tsabtar aiki, abin da bai sani ba ne ya ɗauka datti. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, na ji. Amma kuɗin makaranta ni zan biya." Na ce gaskiya ne, ni ma zan sa hannu. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Ya dai ce a bar shi ya yi shawara. Yaron kuwa ya rako ni har bakin titi, tocilarsa a aljihu, yana tambayata in an sake raba koren biyu me zai fito. Na ce masa ya ɗauki alƙalami ya raba 0.532 gida biyu, ya duba ko ido zai iya ganin abin da ya samu, ya aiko mini da amsa.

Ku ma, yara masu karanta wannan fili, ku gwada ku aiko. Sai mako mai zuwa.